Ranar da Na Aura wa Bulama Mata Goma Sha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata ba. Na san lokacin daidai domin ni mutum ne mai duba agogo kafin ya fara abu. Mu huɗu ne a ofis. Na farko Hajiya Yagana, shugabar ƙaramar ƙungiyar agajin da nake wa aiki. Na biyu Rifkatu, abokiyar aikina. Na uku Bulama Modu Bukar, dattijon da ke magana da yawun 'yan gudun hijirar da suka sauka a unguwar Dala ta Maiduguri. Na huɗu ni, cikin farar shadda mai sitaci, ina jiran a yaba min.

Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya.

A unguwar Bolori aka haife ni, a nan na girma. Karatuna bai yi nisa ba: sakandare, sai difilomar kwamfuta ta yamma wadda na yi ina da 'ya'ya uku. Shekara goma sha shida ina kula da sito, kuma ko tsintsiya ba ta taɓa kwana inda ba wurinta ba. Rubuta manhaja kuwa da kaina na koya, daga wasu takardu da na yi fotokwafinsu na ɗinke da zare. Da rikici ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin Maiduguri, Hajiya Yagana ta ɗauke ni aiki saboda an gaya mata ba na wasa da tsari. (Ba a yi mata ƙarya ba. Abin da ba a gaya mata ba shi ne ba na jin shawara.)

Aikinmu rabon abinci ne duk wata: dawa, wake da man girki, ga gidajen da suka raɓa a Dala, wasu a zaurukan mutane, wasu a kangaye. A takarda muke komai. Takarda kuwa ga ruwan sama, ga gara, ga rubutun hannun da mai shi ma ba ya iya karantawa. Sai Hajiya ta ce a rubuta manhaja. Ta raba aikin biyu. Ni zan yi rajistar gidaje da lissafin abincin da kowane gida zai samu. Rifkatu za ta yi jadawalin ranakun karɓa. Ta kuma ce wanda aikinsa ya fi gamsarwa shi zai jagoranci sashen kwamfuta. Sashen mutum biyu ne kacal, amma ni a raina na riga na sa an rubuta sunana a ƙofa.

Rifkatu 'yar kudancin Borno ce, uwar 'ya'ya biyu, tsohuwar malamar lissafi da ta koma jami'a ta karanta kwamfuta. Ita ma rikicin ne ya taso danginta. Ba ta da hayaniya, amma tana da wata ɗabi'a da ta tsaya min a rai. Kafin ta rubuta ko layi ɗaya na manhaja, sai ta fara rubuta gwajinsa. Wato ta rubuta tambaya da amsar da take sa ran samu, kamar a ce: in gida ya ɓata ranar karɓarsa, a mayar da shi rana ta gaba. Sai ta kunna gwajin tun babu abin gwadawa, allo ya nuna ja, alamar an faɗi. Sannan ta rubuta ɗan abin da zai sa ya ci, allo ya koma kore. Ta share, ta gyara, ta koma tambaya ta gaba.

Na kwana uku ina kallo ta gefen ido, rana ta huɗu na kasa haƙuri.

"Malama Rifkatu," na ce, "ke da kika koyar a makaranta, an taɓa yi wa yara jarrabawa kafin a shiga aji?"

"Malam, ba yaran nake wa jarrabawa ba. Kaina nake tambaya me nake so in koyar."

"Tsari dai tsari ne. Na ɗaya a gina, na biyu a gwada. Ko tela sai ya ɗinka riga ake gwadawa."

"Telanka ba ya auna ka kafin ya yanka shadda?"

Na ce ƙarar janareto ta hana ni jin abin da ta faɗa. (Janareton a kashe yake.)

Ni kuwa ga yadda na rubuta tawa. Fayil ɗaya, tun daga bismillah har ƙarshe, layi dubu ɗaya da ɗari huɗu, an jera shi mataki-mataki, daga Mataki na Ɗaya zuwa Mataki na Talatin da Bakwai. Kowane mataki yana karɓa daga na gabansa ya miƙa wa na bayansa, kamar masu miƙa bulo a wurin gini. In ka danna maɓalli sau ɗaya, sai ya karanta sunaye, ya ƙirga mutane, ya lissafa abinci, ya buga kati a firinta, ba tsayawa. Na Rifkatu kuwa guntu-guntu ne, wannan layi goma, wancan layi shida, kowanne da gwajinsa a gefe. Har na ce mata aikinta ya yi kama da faifan mai kayan koli. Ta yi dariya ta ce ta gode.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne Mataki na Goma Sha Biyu. Na tsani maguɗi, kuma na ji ana cewa wasu kan yi rajista sau biyu. Sai na kafa doka: duk inda suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, garin asali ɗaya, to mutum ɗaya ne, a haɗe takardunsa wuri guda. Na gwada kuwa, kada a ce ban gwada ba. Bayan na gama rubutawa na ƙirƙiro sunaye biyar: Audu, Garba, Tanko, Sale da Iliya. Duk suka wuce lafiya. Na sa Audu sau biyu, manhaja ta kama shi. Na tashi na sha shayi.

Ana saura kwana biyu a nuna wa Hajiya, Rifkatu ta jawo kujera kusa da teburina.

"Malam, ka ba ni Mataki na Goma Sha Biyun nan shi kaɗai in ɗan jarraba shi."

"Ba ya tafiya shi kaɗai. Sai an bi ta ɗaya zuwa sha ɗaya."

"To in bi."

"In kin bi kuma ba ya tsayawa sai talatin da bakwai. Kuma sai an jona firinta."

"Wato ba yadda za a yi a tambaye shi abu ɗaya ya ba da amsa ɗaya?"

"Ba a tsallake layi a manhajata," na ce, ina jin kamar na faɗi abin da ya kamata a rubuta a bango.

Ta dube ni, ta buɗe baki, ta rufe. Daga baya ta gaya min tambaya ɗaya ce a bakinta, amma ta ga yadda na ɗaure fuska ta haɗiye ta.

To, mun dawo ranar Talata. Mun riga mun shigar da takardun Dala gaba ɗaya cikin kwamfuta. Rabo jibi Alhamis. Hajiya ta gayyato Bulama ya ga sabon tsari da idonsa, don shi zai yi wa mutanensa bayani. Ya zo da sandarsa da carbinsa, muka yi wushe-wushe, gaisuwarmu ta Barebari, aka ba shi kujera mai hannu. Na haska allon a bango da majigi. Na shirya jawabi mai sassa bakwai, na yi huɗu, ina cikin na biyar Bulama ya ɗaga sanda.

"Malam, ni ban san sassa ba. Nemo min sunana in ga ko na'urar ta san ni."

Na duba agogo. Sha ɗaya da minti ashirin. Na rubuta Modu Bukar, na danna.

Ya fito a bango da manyan baƙaƙe, don ni na zaɓi manyan baƙaƙe saboda dattawa. Rifkatu ce ta karanta masa, da muryar malamar aji.

"Modu Bukar. Mata, goma sha ɗaya. 'Ya'ya, arba'in da bakwai. Dawa, buhu goma sha huɗu."

Bulama ya daina jan carbi. Ya karkato kunne.

"Mata nawa, 'yata?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"La'ilaha illallahu. Hajiya, ke shaida ce, ni da matata Ya Falmata kaɗai muka fito daga gari, ita ma da ƙyar take ba ni ruwa in na yi magana da yawa. Yaushe aka ɗaura sauran? Waye waliyyi?"

Hajiya ta ja gyalenta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Rifkatu ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta kamar yau ta saya.

"Karanto min sunayensu," in ji Bulama. "Mutum ya san iyalinsa."

Ta karanto. Falmata uku, Yagana biyu, sauran na manta. Ɗaya daga cikinsu shekararta tamanin da ɗaya.

"Wannan ai ta girmi yayata," ya ce. "Malam, ko shari'a huɗu ta ce. Kai wace makaranta ka yi?"

A nan ne ya kamata in tsaya in ce na yi kuskure. Da na yi haka, da labarin ya ƙare da 'yar dariya. Amma sitacin shaddata bai bar ni na lanƙwasa ba. Na ce ƙaramar matsala ce, minti biyu. Na gane Mataki na Goma Sha Biyu ne ya haɗe mutane, sai na shiga na goge shi ɗungurungum, a gaban kowa, na sake dannawa.

Abin da na manta shi ne Mataki na Ashirin da Uku, mai lissafin abinci, daga hannun na Goma Sha Biyu yake karɓar yawan mutanen gida. Da ya miƙa hannu bai ji komai ba, sai ya ɗauka kowane gida babu kowa. Firinta kuwa, wadda na ɗaure ta a jikin komai, ba ta jira izinin kowa ba. Ta fara aman katuna, ƙirr, ƙirr, suna zubowa ƙasa. Na danna wannan, na danna wancan, ta ƙi tsayawa, don ni da kaina na rubuta cewa ba a tsayawa sai talatin da bakwai. Sai da Rifkatu ta miƙa hannu ta zare wayar daga bango.

Bulama ya sunkuya ya ɗauki kati ɗaya da ya faɗo kan ƙafarsa, ya miƙa mata.

"Modu Bukar," ta karanta a hankali. "Dawa, babu. Wake, babu. Mai, babu."

Ya jinjina kai. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake wa wanda ya zame a bakin masallaci.

"Malam, ɗazu ina da buhu goma sha huɗu, yanzu ko kwano babu. Don Allah mayar min da matana."

Hajiya ta fita waje. Muna jin ta ta taga. Ban taɓa sanin mace mai kamun kai irinta tana iya dariya har da tari ba.

Da ta dawo ta goge ido, sai ta yi tambayar da ta kashe dariyar.

"Rifkatu, Modu Bukar nawa ne a takardun?"

Rifkatu ta jawo tarin takardun ta ƙirga. Takwas, duk daga gari ɗaya.

Bulama bai ko duba takarda ba, ya lissafo su da yatsa. Shi ɗaya. Akwai Modu makaho. Akwai Modu mai jaki, wanda yanzu ba shi da jakin. Akwai biyu 'yan ya da ƙanwa. Ya bi su har bakwai, sannan ya sauke hannu ya ce:

"Na takwas ba ya nan. Sun rabu da matarsa a hanya ranar da aka gudo, har yau ba labari. Ita ta ce a bar gidan da sunansa, kada ya zo ya tarar an goge shi."

Na tsaya ina lissafi a raina, kuma lissafin mai sauƙi ne. Da Bulama bai ɗaga sanda ba, da jibi gida bakwai sun zo sun bi layi cikin rana, an duba an ce babu sunansu, sun koma da buhu wayam har wata mai zuwa. Kuma da ni ne zan tsaya a bakin teburi ina ce musu na'ura ba ta kuskure.

Abin da ya fi ci min rai, ba baƙon garin nan ba ne ni. Na san in ka tsaya a bakin kasuwa ka ce "Modu!" sai mutum goma sun waiwayo. A layinmu na Bolori kaɗai akwai Modu Bukar biyu, mai shayi da tela, kuma kullum ina gaisawa da su. Amma da na zauna gwaji, sai na kirawo Audu da Tanko, mutanen da na san ba za su ba ni kunya ba. Wanda ya gama gini yana gwada shi ne da fatan ya tsaya. Ba ya jijjiga inda yake zargi.

Ranar Alhamis da takarda aka yi rabo. Hajiya ta ce ni zan kira suna, kuma na san hukunci ne. Na tsaya da shaddar da ba sitaci, na ɗaga murya na ce, "Modu Bukar!" Maza bakwai suka miƙe, da mace ɗaya mai goyo. Bulama ya juyo ya ce da su, "Ku gaishe shi, shi ne ya so ya ba ni matanku." Har makahon sai da ya nemi hannuna ya girgiza.

Jagorancin sashe kuwa Rifkatu aka ba. Ban yi gardama ba, ba ni da bakin yi.

Washegari na je teburinta da kujerata a hannu. Na ce, "Malama, wace tambaya ce kika haɗiye rannan?"

Ta ce, "Rubuta da hannunka, Malam. Modu Bukar biyu, gari ɗaya, gida nawa?"

Na rubuta: biyu. Wannan ne gwaji na farko da na taɓa rubutawa kafin aiki. Muka zo kunna shi, sai ga matsalar da ta hango tun farko: ba yadda za a yi wa manhajata wannan tambaya ba tare da an tashi matakai talatin da bakwai da firinta ba. Dole muka ciro mai gane mutum muka ajiye shi shi kaɗai. Da muka zo gwada lissafin abinci, dole shi ma ya fito, a ba shi yawan mutane ya ba da yawan kwano, ba ruwansa da sunan kowa. Firinta muka kore ta can ƙarshe, ba ta motsi sai an kira ta. Ba wanda ya zauna ya zana wannan tsari. Gwajin ne ya riƙa tilasta mana, domin duk abin da ya ƙi gwaduwa shi kaɗai, in ka duba, ya rungumi aikin da ba nasa ba.

Mako uku muka yi, don lokacin akwai dokar hana fita, ƙarfe huɗu kowa ya kama hanyar gida. Kowane gida muka ba shi lambarsa. In suna ya zo ɗaya, manhaja ba ta haɗe kowa, sai dai ta ware su ta ce a tambayi Bulama. Fayil ɗina mai layi dubu da ɗari huɗu ya narke ya zama guntaye goma sha tara. Wato faifan mai kayan koli. (Ta tuna min. Sau ɗaya kawai, amma ta tuna min.)

Bayan wata biyu wake ya yanke, aka kawo gyaɗa a madadinsa, ma'aunin kuma daban. A tsohon tsarina da sai na bi matakai talatin da bakwai ina addu'a. Wannan karon na canza gwaji ɗaya, ya yi ja, na gyara guntu ɗaya, komai ya koma kore kafin shayina ya huce. A ranar ne na lura da wani abu da ya kwantar min da hankali: ashe hanyar Rifkatu ma jeri ce. Na ɗaya ja, na biyu kore, na uku gyara. Tsari ne sosai, ni ne dai na riƙe shi ta wutsiya shekara da shekaru. Yanzu duk ofis ba wanda ya kai ni tsanani a kansa. In na ga an rubuta layi babu gwaji, har Rifkatu sai ta ce in sassauta.

Bulama kuwa bai sassauta ba. Duk ranar rabo, kafin ya amsa sallamata sai ya ce, "Malam, ya amarena? Suna cin abinci kuwa?"

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu, kashi biyu ne. Na farko, in aikinka ya shafi rubuta abin da zai yanke wa mutane hukunci, manhaja ce ko doka ce ko fom, kafin ka rubuta layin farko zauna ka rubuta tambayar da kake tsoro, ka sa mata sunan maƙwabcinka na gaskiya, ba Audu da Tanko ba. Na biyu, in hanya ta kai ka Dala ka haɗu da wani dattijo mai sanda ya tambaye ka ko ka san malamin da ke aurar da mata da kwamfuta, don Allah ka ce ba ka san ni ba.